GARGAƊI: Kada dillali ya zaɓo muku injiniyan da zai duba gida

Jama'a, naira miliyan 42 na biya na sayi gida. Miliyan 42, ban da la'ada miliyan 2 da dubu 100 da dillalin ya karɓa yana yi min addu'ar Allah sa mu shiga a sa'a. Yau bangon ɗakin yarana ya tsage tun daga linta har ƙasa, hannuna yana shiga ciki.

Kafin wani ya zo yana cewa na yi gaggawa, a tsaya a ji. Na je KANGIS, ofishin rajistar filaye na jihar Kano, an duba lambar fayil, takardar mallaka ta gaske ce, sunan mai gidan ne a kai. Na gana da mai unguwa. Lauya ne ya rubuta yarjejeniya, ga shaidu. Kuma NI na ce sai an kawo injiniya ya duba ginin kafin in saki ko sisi. Ni na faɗa da bakina. To me ya rage wanda mai hankali zai yi?

A nan aka kama ni. Ina faɗa, dillalin ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, ai wannan magana taka ita ce daidai. Kada ka wahalar da kanka, akwai injiniyanmu, mutumin kirki ne, dubu 80 kawai zai karɓa." Ko gezau bai yi ba. Har yau ina jin muryarsa: maganarka ita ce daidai. Mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci, ya zo sunan ɗana, ya ci tuwon gidana.

Injiniyan ya zo da hular kwano da tef a aljihu. Ya ƙwanƙwasa bango da makullin mota, ya buɗe famfo, ya kunna fitila, ya ce, "Yallabai, ko bene ka ga dama ka ɗora." Bai hau silin ba, bai leƙa sokawe ba, bai rubuta komai ba. Na miƙa masa dubu 80. Daga baya na gano ɗan tayil ne, kuma shi ya shimfiɗa tayil ɗin gidan! Wato na biya mutum ya duba aikin hannunsa.

A watan Maris aka yi cinikin, ana tsananin rani, ko'ina a bushe, fenti sabo fil. Da ruwan Agusta ya sauka sai tayil ɗin falo ya fara tashi, fenti ya kumbura daga ƙasa kamar kurajen ƙyanda, ƙofar ɗakina ta daina rufuwa. Kai, tun Yuli ma matata ta ce tana jin wari a kicin, na ce magudana ce. Ba ma wannan ba, tun ranar biyan kuɗi dillalin ya dinga kira yana cewa wani daga Abuja zai turo miliyan 45 kafin la'asar, don zumunci ya riƙe min. Zumunci!

Injiniyan gaske da na kawo, mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, dubu 200 ya karɓa. Kafin ya taɓa bango sai da ya zagaya maƙwabta, wani dattijo ya ce masa nan wurin kududdufi ne, da shara aka cike shi. Ya sa aka haƙa gefen fandisho, ga ledoji da tsummokara suna fitowa. Fandishon bai kai ƙasa mai ƙarfi ba, a kan bola yake zaune, shi ya sa idan ta sha ruwa ɓangare ɗaya yake nitsewa. Ba a sa ledar da ke hana danshi hawa bango ba. Bulon da yatsa ya murmushe shi. Inda ya kamata a sa rodi mai kaurin milimita 12 an sa mai 8. Tsoffin tsagogin kuma an cike su da filasta an bi da fenti, ka ga ke nan sun sani. SUN SANI. Ya ce gyara ba zai gaza miliyan 15 ba, kuma mu kwashe yara daga wannan ɗakin tun yau.

Miliyan 15 a kan miliyan 42. Fili biyu na sayar da kuɗin sallamata na haɗa.

Na kira dillalin ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce, ai ka gani ka saya." Mai gidan ya kashe waya. Ina da saƙonnin murya na WhatsApp, har wanda ya ce "injiniyanmu", ina da rasit na banki da bidiyon haƙan fandisho. Lauyana ya hana ni sa suna da hoto yanzu, amma wallahi da zarar an shigar da ƙara zan ɗora su duka a nan.

Ku nemo injiniyanku da kanku, ku ga lambar rajistarsa, ya ba ku rahoto a rubuce da hatiminsa. Ku tambayi tsofaffin unguwa me ke wurin a da. In da hali ku ga gida da damina.

Kuma na ji dillalin yana tallata wasu gidaje biyu a layin bayanmu, duk a kan kududdufin nan ɗaya. Ruwan toka ne fentinsu, da baƙin get.