Na kai shanshera wani sabon injin casa a hanyar Zariya, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Sati biyu kenan 'yan uwa 'yan kasuwa suna tambayata a ina aka cashe min shinkafar da na sauke a kasuwar Singa ta Kano, shi ne na ce bari in rubuta kowa ya gani lokaci ɗaya.

Ni dai shekara da shekaru a Kura nake saro shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a can mata suke min gumi, a shanya a tamfol, a kai ƙaramin inji a cashe. Daɗi kam ba a magana, 'yar Hausa ta fi 'yar waje a baki, amma tsakuwa ita ce ta kashe mu. Ina da wani Alhaji kwastoma da yake zuwa daga Maraɗi, ya taɓa ce min, Malam ni ina son kayanka, amma matan gida sun gaji da tsinta, gara su sayi ta Tailan ko ta Indiya da ake saukewa a Kwatano, a wanke kawai a zuba a tukunya. Maganar nan ta daɗe tana cina wallahi.

To wannan karon buhu 40 na ɗauka na kai wani kamfani da ke hanyar Zariya, na nemi izini suka bar ni na shiga ciki da wani yaro mai kula da injinan. Na farko ba a shanya a ƙasa sam, akwai na'urar busarwa, kuma sai sun auna danshin ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari kafin a fara casa, yaron ya ce in ta bushe da yawa ko ta bushe da gaggawa ita ce take kakkaryewa, abin da rana take mana kenan a Kura ba mu sani ba. Daga nan sai injin cire tsakuwa, wani faranti ne mai girgiza iska tana busowa ta ƙasa, tsakuwa da yake ta fi nauyi sai ta bi gefe guda shinkafa ta bi ɗaya gefen. Amma wanda ya tsayar da ni shi ne mai tantance kala. Shinkafa tana gangarowa kamar ruwa, kyamarori suna kallon kowace ƙwaya, da sun ga baƙa ko ja sai iska ta yi fit ta harbo ta waje, ido ba ya ma iya bi. Na ɗebo hannu biyu na baza a tire ina nema, ban samu tsakuwa ko ɗaya ba. Karyayyar ma buhunta daban suka ba ni, masu tuwo suka saye.

Inda ban ji daɗi ba kuwa, kuɗin casa ya yi tsada, ya kusa ninka abin da na saba biya. Na yi ƙorafi, manajan ya nuna min janareta yana aiki tun safe, ya ce gas ne yake cinye su, kuma na yarda da shi don duk mai inji a Sharaɗa ko Chalawa kukan da yake yi kenan. Sannan layi. Kwana huɗu kayana suna ajiye saboda masu tirela ake fara sallama, mu masu buhu talatin arba'in sai an samu sarari, wannan bai dace ba, ya kamata su ware mana ko rana ɗaya ce a sati. Buhun da suke zubawa ma mai kyau ne, ɗinkin inji, kilo 50 cif na sake aunawa a sikelina, amma rubutun duk Turanci ne, alhali mai saye a Maraɗi ko Damagaram Faransanci yake karantawa, ko Hausa ce ma a saka mana.

Lokacin da aka rufe boda a watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, ko wace irin shinkafa ka kawo sai an saya, tsakuwa da ɓuntu duk a haɗa, ba zaɓi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka haka za a dawwama shi ya sa ba mu gyara ba. Yanzu kuwa buhunka yana jingine kusa da na waje, mai saye zai soka ya duba duka biyun.

Alhajin Maraɗi ya zo ranar Talata, ya ɗebo ya murza a tafin hannu ya daɗe yana kallo, ya ɗauki buhu 15, amma sai da muka ja sosai a kan farashi don ya ce da kaɗan ta fi ta Kwatano sauƙi in ya haɗa da kuɗin mota. Ribar da na samu ba ta kai ta da ba, sai dai kayan sun ƙare a kwana shida. In Allah ya kai mu kaka ina so mu haɗa kai mu biyar ko shida mu cika tirela ɗaya, mu shiga layin manya, mai sha'awa ya same ni a shago bayan la'asar.