Biro ko tafireta: da wanne za a fara rubuta wasiƙa?

Malama, kin ce kin ji yadda rubutun wasiƙa ya sake farfaɗowa a Turai da Amurka, kina son ki bi sahu, kuma kina tambaya ko ki sayi tsohuwar tafireta ko ki tsaya a kan biro. Ni dai shawarata ki fara da hannu, tafireta ta jira tukuna.

Duba ƙungiyoyin masu rubutun wasiƙa kansu. InCoWriMo, wato watan rubutun wasiƙa na duniya da ake yi duk watan Fabrairu, sharaɗinsa wasiƙa ɗaya kullum, kuma da hannu. Bugun na'ura ba ya shiga lissafi. Postcrossing kuwa, wanda Paulo Magalhães ɗan ƙasar Fotugal ya kafa a 2005, katin gidan waya ake aikawa ga baƙon da aka ba ki adireshinsa, wani baƙon kuma ya aiko miki. Kati yana da kauri, in kika cusa shi a tafireta lanƙwashewa zai yi. International Pen Friends, da aka kafa a Dublin a 1967, ita ba ruwanta da abin da kika yi rubutu da shi, abokan wasiƙa kawai take haɗawa. Kin ga biro ya shiga duka ukun.

Ba wai tafireta ba ta da nata ba. Wanda rubutunsa ya zama tafiyar kaza, ko mai tsufa da hannu ke rawa, ita ce rufin asirinsa. Shafi ɗaya yana ɗaukar maganar da hannu zai cinye shafi biyu a kanta, ambulan ya yi sauƙin nauyi, kuɗin kan sarki ya ragu. Da takardar kabon kuma kina da kwafin duk abin da kika aika, abin da mai biro yakan yi kewarsa idan amsa ta zo bayan wata biyu ya manta me ya ce.

Wahalarta ce ba a faɗa wa mai saye. Manyan kamfanoni sun daina ƙera ta. Brother ya fitar da ta ƙarshe a masana'antarsa ta Birtaniya a 2012. Masu kyau irin su Hermes 3000 da Olivetti Lettera 32, wadda ta fito a 1963, duk waɗanda aka riga aka yi amfani da su ne, samfurinsu ya haura shekara hamsin da fitowa. Ribin ɗin tawada yana bushewa, robar da takarda ke naɗuwa a kai tana ƙandarewa, haruffa suna maƙalewa, mai gyara kuma sai an tona. In har za ki saya, ki fara zuwa wajen masu buga takardar rantsuwa a bakin kotu, in akwai wanda bai koma kwamfuta ba. Su suka san inda ake samun ribin da makaniki. Kada ki biya kafin ki buga kowane harafi da hannunki.

Sai babbar matsalar mai rubutu da Hausa: yawancin waɗannan kekunan rubutun ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Sai kin gama bugu ki bi layi-layi da biro kina sa lanƙwasa, kamar yadda tsofaffin akawuna suke yi. Ajami kam ba ma a maganarsa. Idan wasiƙunki na Turanci ne ko Faransanci zuwa waje, wannan bai dame ki ba. Idan na Hausa ne zuwa Zinder ko Kumasi, kin ninka wa kanki aiki.

Kuma kada sunan farfaɗowa ya ruɗe ki, abin sha'awa ce ta masu so. A Denmark ma kamfanin gidan waya na PostNord ya sanar da daina raba wasiƙu daga ƙarshen 2025 saboda sun ragu ƙwarai. Kafin ki kashe kuɗi a kan kowace na'ura, ki je gidan waya mafi kusa, ki aika wasiƙa ɗaya ga wanda kike da lambarsa, ki ga kwana nawa za ta yi kafin ta isa.