Da me za ka auna ƙasar da iska ke kwashewa daga gonarka?

Duk mai noman gero ko gyaɗa a jigawar Kordofan ta Arewa a Sudan, wadda ake kira goz, ya san aikin iskar farkon damina: ta kwashe yashi daga nan, ta binne shuka a can. Kafin ƙungiyar manoma ta kashe kuɗi wajen dasa dakwara don tare iska, gara a san inda ɓarnar ta fi yawa.

Mafi arha shi ne rodi. Ka kafa shi layi-layi, ka rubuta tsawon da ya rage a waje, ka sake aunawa bayan kowace guguwa. Milimita 1 da ya tafi daga faddan guda (kusan eka ɗaya) ya kai kusan tan 6 na ƙasa, kuma ta saman nan ce mai albarka. Sai dai labarin gindinsa kaɗai rodi ke bayarwa, ga yara da dabbobi suna tuge shi.

Ni dai na fi son MWAC. Kwalabe ne ɗaure a jikin sanda, wasu sama wasu ƙasa, kowace da siraran bututu biyu: iska ta shiga ta ɗaya, ta fita ta ɗayan, yashi ya zauna a ciki. Akwai fiffiken da ke juya su su fuskanci iska. An yi aiki da su a gonakin gero na Sadore a Nijar, ƙasar da ta yi kama da tamu, kuma mai walda a Ubayyid, babban birnin Kordofan ta Arewa, zai iya haɗa maka sandar. Ba sa kama duk abin da ya wuce, amma sun isa ka gane wace gona ta fi zubar da ƙasa. Ka tara yawancin kwalaben ƙasa da gwiwa, don nan yashi ya fi tsalle.

BSNE, wanda Donald Fryrear ya fito da shi a Amurka a 1986, akwati ne na ƙarfe mai baki santimita 2 da 5. Sai dai daga waje ake kawo shi, da dala, kuma a wannan hali na yaƙi ba ƙaramin aiki ba ne. Na'urar Sensit mai ƙirga ƙwayoyin yashi kuwa tana son batir da kwamfuta, a bar wa jami'a.

Duk wanda ka zaɓa cikin masu tara yashi, ka ware kuɗin sikeli mai auna ƙasa da giram 1, kuma ka shanya yashin ya bushe kafin ka ɗora shi.