BulkFileChanger: ƴar ƙaramar manhaja mai gyara kwanan watan fayil

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san wannan wahalar, batirin kamara ya mutu agogonta ya koma baya ba ka lura ba, ka gama aiki ka zuba hotuna a kwamfuta sai ka ga na ɗaurin aure sun haye kan na kamu, komai a hargitse. To wannan manhajar ta NirSoft, shafin da ke fitar da ƙananan manhajojin Windows, don irin haka take, kyauta ce, kuma ba a ma girka ta, ka sauke ka buɗe zip ɗin ka danna kawai, ko a filash ka ajiye ta za ta yi aiki.

Windows na riƙe wa kowane fayil lokaci uku, ranar da aka ƙirƙire shi, ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe, da ranar da aka buɗe shi. BulkFileChanger na canja duka ukun, ka jawo fayilolin ka zuba a ciki ko folda guda ce, ka zaɓi wanda za a taɓa ka bar sauran. Abin da ya fi burge ni shi ne ba dole sai ka rubuta kwanan wata ɗaya ga kowa ba, kana iya cewa a ƙara awa 3 ko a rage kwana 2 a kan abin da ke wurin, kenan jerin hotunan bai lalace ba. Tana kuma iya ɗauko lokacin da kamara ta rubuta a cikin hoton, wato EXIF, ta mayar da shi ranar gyara, wallahi wannan kaɗai ya isa a sauke ta.

Amma fa fuskarta kamar ta zamanin Windows XP, akwatunan zaɓi cunkushe a wuri ɗaya, sabon shiga zai ɗan rikice. Kuma in ka danna maɓallin Do it shikenan ta aiwatar, don haka ka yi kwafin folda tukuna. In filash ɗinka FAT32 ne kar ka zarge ta, shi wannan tsarin ajiye fayil da daƙiƙa bibbiyu yake ƙirga lokacin gyara, na buɗewa kuwa rana kawai yake riƙewa babu awa.

Ƴan Linux dama ba ruwansu, rubuta umarnin touch -m ko touch -a ya wadatar, a Windows ma PowerShell, wurin rubuta umarni, na yi, sai dai fayil ɗari biyar da rubuta umarni ai aiki ne.

Masu tunanin mayar da takarda baya don a ce tun tuni suka gama kuwa, ku sani NTFS, tsarin ajiye fayil na Windows, na ajiye wani lokacin daban a cikin MFT, wato kundin bayanan fayilolinsa, wanda irin wannan canjin ba ya kaiwa gare shi, mai bincike in ya duba zai ga saɓani. Ni dai na ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda fuskar nan.