Ciwon dunduniya da asuba: allura, ko miƙa jijiya da canjin takalmi?

Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce wata uku ke nan, duk asubar da kika sauko daga gado za ki yi alwala sai dunduniyar dama ta soke ki har sai kin dafa bango. In kin ɗan tattaka sai ciwon ya lafa, da yamma kuma ya dawo bayan kin wuni tsaye a rumfarki ta kasuwar Wadata. Maƙwabciyarki ta ce ki je a yi miki allura a wurin ki huta, ɗiyarki kuwa ta ce ki canza takalmi ki riƙa motsa ƙafar. Kina tambaya ta wa za ki ɗauka. Ni ina bayan ɗiyarki. Allurar ma tana da ranarta, amma ranar ba ta zo ba tukuna.

Sai an san abin da ke ciwo kafin a auna hanyoyin biyu. A tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da kauri wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ita ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa, yadda tsirkiya ke riƙe da baka. In nauyi da tsayuwa suka yi mata yawa, sai ta riƙa samun ƴan ƙananan raunuka daidai inda ta manne da ƙashi. Da dare, mutum na barci, ƙafa tana sakewa, yatsu su duƙa ƙasa, jijiyar ta tsuke. Da asuba kuma sai a ɗora mata nauyin jiki gaba ɗaya a taku guda. Wannan fizgar ita ce sukar da kike ji, shi ya sa in jijiyar ta ɗumama ta miƙe ciwon yake raguwa. An fi ganin sa tsakanin shekara 40 zuwa 60, kuma kusan mutum 1 cikin 10 yana gamuwa da shi a rayuwarsa. Masu wuni tsaye a kan siminti ko karo, masu jiki, masu ciki, da waɗanda tafin ƙafarsu ya baje ko ya cika lanƙwasa, su ya fi kamawa.

To, mu fara da sauri, don nan allura ta yi fintinkau. Wadda maƙwabciyarki take nufi allurar kortizon ce, wato maganin da ke kwantar da kumburi da zafi, ana yin ta a dunduniyar kanta. Cikin ƴan kwanaki mutum yakan ji sauƙi sosai, wani har ya ce ya warke. Miƙa jijiya ba ta da wannan saurin ko kaɗan. Sai an yi mako huɗu zuwa takwas ana yi kullum kafin a tabbatar da bambanci, kuma a nan ne yawancin mutane suke karaya su bari.

Amma in aka zo ga ɗorewa, sai labari ya juya. A 2017 masana sun tattara binciken da aka yi a kan wannan allura wuri guda suka duba, suka ga sauƙin da take bayarwa bai cika wuce wata guda ba. Bayan nan, wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba kusan ɗaya suke. Dalili a fili yake: allura ta kashe zafi, ba ta taɓa abin da ya kawo shi ba. Za ki koma rumfa da silifar nan mai laushi da ta gama cinyewa, a kan simintin nan, ki tsaya sa'o'in nan. Hanyar ɗiyarki kuwa tushen take bi. Likitocin ƙashi sun daɗe suna faɗi cewa kusan mutum 9 cikin 10 suna samun lafiya cikin wata 10 zuwa shekara da dabaru masu sauƙi, ba tare da tiyata ba.

Sai haɗari, wanda shi ya fi damuna. A ƙarƙashin ƙashin dunduniya akwai kitse da Allah ya shimfiɗa don ya tare bugun ƙasa. Kortizon, musamman in an maimaita shi, yana iya zaizaye wannan kitse, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Yana kuma iya raunana jijiyar har ta tsinke. Ga mai ciwon sukari, yana ɗaga sukarin jini na wasu kwanaki. Miƙa jijiya kuwa iyakar ɓarnarta ƙafa ta ɗan yi tsami in an matsa da yawa, a sassauta ta koma daidai.

Akwai wata allurar da mutane ke haɗawa da wannan, ta diklofenak da ake yi a ɗuwawu, da ƙwayoyinsa da na ibufurofen da masu tallar magani ke yawo da su cikin kasuwa. Waɗannan suna rage zafi, ba musu. In likita ya rubuta su na ƴan kwanaki, a sha bayan an ci abinci, babu laifi. Abin tsoro shi ne a mayar da su abin kullum. Suna cin ciki har su kawo gyambo, suna tayar da hawan jini, suna wahalar da ƙoda. Ki tuna zafin Yamai a watan Afrilu da Mayu, inda ake haura digiri 40, mutum na zufa wuni guda bai sha ruwa isasshe ba. A irin wannan hali ƙoda ba ta jure waɗannan ƙwayoyi. Mai ciki kada ta sha su sai da izinin likita. Tramol kuwa kada ma ki bari a kawo miki shi kusa, ba maganin wannan ciwo ba ne, kuma yana kama mutum. Haka nan sakiya ko tsaga a dunduniya: rauni ne a wurin da ake takawa kullum cikin ƙura, ga mai sukari kuma yana iya zama gyambon da zai ƙi warkewa.

Abin da hanyar ɗiyarki take nema a wurinki shi ne naci. Ga yadda ake yi. Da kin farka, kafin ƙafarki ta taɓa ƙasa, ki zauna a bakin gado ki ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar. Ki kama yatsun duka da hannu, ki ja su baya wajen ƙwauri har ki ji tafin ƙafar ya ɗaure. In kika shafa da ɗaya hannun za ki ji jijiyar ta miƙe tsaf. Ki riƙe ki ƙirga 10, ki saki, ki maimaita sau 10. Sau uku a rana ake so, amma na asuba shi ne uba, sai kuma duk lokacin da za ki tashi bayan dogon zama. Wannan ba shaci-faɗi ba ne. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2003, an gwada shi a kan mutanen da suka haura wata 10 da ciwon, kuma bayan mako 8 sun fi waɗanda suka miƙa agara kaɗai samun sauƙi. Agarar ma kada ki bar ta, don in sha-raɓa ta ɗaure tana jan dunduniya. Ki dafa bango, ki mayar da ƙafar mai ciwo baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, ki karkata gaba na daƙiƙa 30. Da dare kuma ki sa gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙasa ki mirgina ta da tafin ƙafa na minti 10 zuwa 15.

Takalmi shi ne rabin maganin, kuma shi ne rigakafin. Ki ɗauki wanda kike sawa ki lanƙwasa shi da hannu. In ya naɗe a tsakiya, ba ya tallafa miki da komai. Nagari a wajen yatsu kawai yake lanƙwasawa, ƙasansa da kauri, bayansa ya ɗan ɗaga kamar santimita 2 zuwa 3, kuma yana da abin da ya riƙe dunduniya ta baya. Takalmin ƴan wasa ya fi kowanne, ko da ba zai yi kyau da leshi ba. Takalman fatarmu shimfiɗaɗɗu suna da kyan gani, amma ba na wunin kasuwa ba ne ga mai wannan ciwo, sai dai ki kai wa baduku ya ƙara musu soso mai tauri a dunduniya. A farmasi ma ana samun ƴar matashiyar roba da ake sawa cikin takalmi. Ki ajiye takalmi a gindin gado, ki daina taka karo da ƙafa tsirara ko zuwa bayi ne. A rumfa ki nemi kujera mai tsayi yadda za ki iya ciniki a zaune, inda kike tsayawa kuma ki shimfiɗa tabarmar roba ninki biyu. In akwai ƙiba, ko kilo kaɗan aka rage ƙafa tana jin bambanci.

In kin je an ɗauki hoton ƙafar aka ce an ga tsiron ƙashi a dunduniya, kada hankalinki ya tashi. Mutane da yawa suna da shi ba sa jin komai, kuma ciwon yana warkewa tsiron na nan.

Duk wannan bayani a kan ciwon da kika kwatanta ne. Akwai waɗanda ba shi ba ne, kuma miƙa jijiya ba za ta yi musu komai ba. In babban yatsa ne ya kumbura cikin dare, ya yi ja, ya yi zafi har zane ba ya taɓuwa, wannan ya fi kama da ciwon gaɓa da gishirin yurik ke kawowa, wanda yawan jan nama da kayan ciki ke tayarwa. In ƙafafu biyu ne ke raɗaɗi ko mutuwa, suna tsananta da dare, a auna sukari. In gaɓoɓi da yawa ne ke sandarewa da safe fiye da rabin awa, har da yatsun hannu, wannan na likitan gaɓoɓi ne. In kuma akwai kumburi, zazzaɓi, rauni, ko ƙafar ta ƙi takuwa sam bayan faɗuwa, asibiti za a nufa ranar, ba jira.

Ranar allura kuwa ita ce in kin yi wata biyu zuwa uku kina miƙawa tsakani da Allah, kin canza takalmi, amma ciwon ya hana ki neman abincinki. A lokacin ki fara da likitar unguwarku, su tura ki wurin likitan ƙashi a Babban Asibitin Ƙasa ko na Lamorde. Shi zai duba ko allura ta dace, ko takalmin dare mai riƙe ƙafa a miƙe, ko a haɗa ki da masu gashi da motsa jiki. In an yanke shawarar allurar, ki gaya masa in kina da sukari ko hawan jini, likita ya yi ta da hannunsa, kuma ki ci gaba da miƙawarki ta asuba ko da zafin ya ɗauke.