Bayan an cire fankiriyas: Mixtard sau biyu ko allura huɗu a rana?

'Yar'uwa, kin ce an cire wa Baba fankiriyas baki ɗaya saboda ƙari, an sallame shi da allurar insulin ta Mixtard 30 safe da yamma, amma sukarinsa yana faɗuwa da azahar da tsakar dare, kina son sanin ko tsarin allura huɗu ya fi. Allah ya ba shi lafiya.

Fankiriyas ba insulin kaɗai take samarwa ba. Ita ke fitar da gulukagon, sinadarin da ke sa hanta ta saki sukari idan ya yi ƙasa, ita kuma ke fitar da ruwan narkar da abinci. Baba ya rasa duka ukun, shi ya sa sukarinsa ke saurin faɗuwa, ya yi jinkirin ɗagowa.

Mixtard 30 gauraye ne: kashi 30 mai saurin aiki, kashi 70 mai jan lokaci. Ana yin sa minti 30 kafin abinci. Ya fi araha, ya fi samuwa. Illarsa ga Baba ita ce da zarar an yi allurar safe, kashi 70 ɗin nan zai kai ƙarfinsa wajen azahar, ko ya ci ko bai ci ba. Bayan irin wannan tiyata kuwa ci ba ya tabbata: yau ya cinye kwano, gobe loma uku ya ture. Ba kuma yadda za a rage ɓangare ɗaya a bar ɗayan. Ta yamma haka take yi masa yana barci.

Tsarin allura huɗu ya raba aikin biyu, da insulin iri biyu. Lantus sau ɗaya a rana, yana aiki a hankali kusan awa 24. Sai NovoRapid a kowane abinci, yana fara aiki cikin minti 10 zuwa 20, ya ƙare cikin awa 3 zuwa 5. Idan abincin kaɗan ne a rage, idan bai ci ba a tsallake NovoRapid ɗin, amma Lantus ba a tsallake shi ko da bai sa komai a baki ba. Kuɗin wannan tsarin ya fi yawa, kuma sai an gwada jini aƙalla sau huɗu a rana, har da kafin kwanciya. Ga wanda ba shi da fankiriyas, wannan muka fi zaɓa. Sai dai adadin insulin a tsarin biyu ba ɗaya ba ne, don haka likitansa ne zai yi sauyin, ki kai masa rubutaccen gwajin mako guda da lokutan cin abinci.

Ki duba Creon ma, wato maganin da ke maye gurbin ruwan narkar da abinci, domin sau da yawa laifin nan yake. Ana haɗiye shi da lomar farko a kowane abinci. Idan an manta ko bai isa ba, abinci zai wuce bai narke ba, insulin ya rasa sukarin da zai yi aiki a kai. Alamarsa bayan gida mai maiƙo da wari, da rama. Idan aka ƙara Creon, sukari kan hau, sai a sake daidaita insulin.

Idan gwaji ya nuna ƙasa da 3.9, wato 70 a wasu na'urori, a dama cokali uku na shayi na sukari a ruwa ya sha, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci wani abu. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki: a kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar gulukagon idan akwai, a garzaya asibiti.