Shokar but ta mutu: ta Beljiyam za ka saya ko sabuwa?

Wata uku ina tokare murfin but ɗin Golf ɗina da guntun icen darbejiya. Ran nan muna sauke buhun shinkafa a ƙofar gida a Birnin Kebbi, buhu ya goge icen, murfin ya faɗo wa ƙanena a kafaɗa. Da ɗaya daga cikin yaran gidan ne a wurin, a ka zai same shi. Washegari na shiga neman shoka, wato ƙarafan da ke riƙe murfin but in an ɗaga shi.

Ƙarafan nan biyu masu kama da famfon keke, iskar nitrojin ce aka matse a cikinsu da ɗan mai kaɗan. Ba karyewa suke yi ba. Robar bakin bututun ce ke tsufa, iskar ta riƙa sulalewa a hankali. Zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana cin robar, ƙura kuma tana karce sandar. Sai hunturu ya shigo asirinsu ya tonu, don sanyi yana rage wa iskar ƙarfi, murfin da ya tsaya jiya da rana ya ƙi tsayawa da asuba.

Abin da mai shago zai fara miƙo maka ta Beljiyam ce, kuma za ka so ka karɓa, don mun saba: a inji, a ƙofa, a fitila, kayan Beljiyam sun fi. A nan lissafin ya sha bamban. Shekaru ke kashe shoka, wadda aka kwance daga motar da ta shekara goma sha biyar kuwa ta riga ta ci rabonta. Zai ce maka, "Alhaji, danna ka ji, ko motsi ba ta yi." Kada wannan ya ruɗe ka. Shoka mai lamba 400N tana ture nauyin da ya kai kusan kilo 40, ko rabin iskarta ya tafi hannu ba zai danne ta cikin sauƙi ba. In aljihu ya tilasta, a ɗaura ta a motar tun a bakin shago, a ɗaga murfin a sake shi kafin kuɗi ya fita. Ka kuma shafa sandar da yatsa. In ka ji danshin mai ko karce, mayar masa.

Sabuwa 'yar China tana da araha, kuma ba duka ne marasa kyau ba. Wadda ba a buga lambar ƙarfi a jikinta ba, ita nake gudu. Duba kawunanta biyu da ake maƙalawa a jikin mota ma, don roba mai gautsi ba ta jure ranarmu.

Ni dai masu suna na fi natsuwa da su, irin Stabilus ta Jamus, wadda kamfanonin mota da yawa ke ɗaurawa tun daga masana'anta. In babu a gari, ana aikowa daga Kofar Ruwa a Kano ta hannun direbobin tasha. Kuɗinta ya fi, amma mai Sharan ko Sienna da ke jigila tsakanin Jega da Yawuri, yana buɗe but sau ashirin a yini, shi ya fi kowa cin ribarta.

Kowace za ka saya, cire tsohuwar ka tafi da ita. Karanta lambar da ke gaban harafin N, ka auna tsawonta a miƙe daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar kai. Kada a ce maka mai 600 ta fi mai 400 ka biye. Mai ƙarfi fiye da kima tana wahalar da maƙalin murfin, rufewa ma ta zama kokawa. Kuma biyun ake canzawa tare, in ba haka ba sabuwar ta ɗauki kayan tsohuwar, murfin ya karkace. Masu Corolla su leƙa tukuna, da yawansu ba shoka ke ɗaga but ɗinsu ba, wasu dogayen ƙarafa ne da aka murɗe.

Ɗaurawa ba sai an je wurin bakanike ba. Wani ya riƙe murfin da hannu biyu. A kowane kai akwai siririn ƙarfe da ya zagaye shi. Sa bakin sukundireba ka ɗan ɗaga shi, kada ka fizge shi gaba ɗaya, sai ka ja shokar ta fita daga kan ɗan ƙwallon ƙarfen da take maƙale a kai. Sabuwar turawa kawai ake yi har ka ji ƙas. Ɗaura ta yadda ka tarar da tsohuwar, galibi sandar na kallon ƙasa in murfin yana rufe, don mai ya kwanta a kan robar. Kada filaya ta taɓa sandar.

Tsohuwar kuma kada a bar wa yara, kada a huda ta, kada ta shiga bolar da ake cinna wa wuta, don har yanzu da sauran iska a matse a cikinta.